"Said" ba ta taɓa jawo mini rigima ba

Sana'ata rubuta maganar wasu. Mu huɗu ne a ofishin. Ƙungiyoyi da kamfanoni suna turo mana sautin taronsu da aka naɗa, mu saurara, mu mayar da shi rahoto da Turanci. Kusan duk jimlar da muke rubutawa ruwaya ce: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza.

Sabon ma'aikaci abin da ya fi tsoro shi ne sauya lokacin aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki a jimla. A Hausa ba mu da wannan wahalar. Mutum ya ce "Zan zo", mu ce ya ce zai zo, shi ke nan. Turanci kuwa sai ka ja aikatau baya taki ɗaya: "I will come" ta koma "he said he would come", "is" ta koma "was", "has finished" ta koma "had finished". Ko "tomorrow" ba ta tsira ba, rahoton da za a karanta bayan mako biyu "the next day" yake so. Wannan duk hannu yana sabawa da wuri. Haka bambancin "say" da "tell": ita "tell" sai an ambaci wanda aka faɗa wa.

Inda nake kafewa shi ne zaɓen aikatau ɗin da ke ɗauko maganar. Ranar da na koyi wannan ba zan manta da ita ba. Wani ma'aji ya ce a taro, "The money was paid late." Wani yaron ofishinmu ya gaji da maimaita "said" (a makaranta an hana su maimaita kalma, ba laifinsa ba ne), sai ya rubuta "The treasurer admitted that the money had been paid late." Ni ma na duba na wuce. Washegari ma'ajin ya kira ni, muryarsa har rawa take: "Malam, a ina na amsa laifi?" Na mayar da sautin baya sau uku. Ashe mutumin ƙorafi yake yi kan jinkirin da wasu suka jawo, mu kuma da kalma ɗaya mun ɗora masa. Muka ba da haƙuri, muka sake buga rahoton kyauta.

"Claimed" ma haka take, tamkar "wai" ce a bakinmu, ka sa ta ka nuna ba ka yarda da mai maganar ba. "Denied" sai in akwai zargi a ƙasa. "Insisted" kuwa tana nuna an ja da shi amma ya ƙi sauka.

Yanzu duk inda na ga wata kalma ba "said" ko "asked" ba, nakan zagaye ta da jan biro in kira wanda ya rubuta: zo ka kunna mini wurin da ka ji haka.