Yini guda a Palermo

Ƙafafuna har zugi suke yi amma bari dai in rubuta kafin barci ya kwashe ni. Jiya da daddare muka sauka Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke can kudancin Italiya, yau kuma tun da hantsi muka fita ni da Abban yara, a ƙasa muka yi komai don tsohon garin ba ya son mota, lunguna ne matsattsu ga 'yan babur ta ko'ina.

Mun biyo titin Maqueda har mahaɗar nan da suke kira Quattro Canti, kusurwa huɗu kowacce da gumakanta da ruwa yana zuba, mutane sai hoto suke, mu dai ba mu daɗe ba don ba shi ya kawo ni ba. Abin da na ƙwallafa rai a kai yana ƙofar babban cocin garin. Musulmi daga Tunisiya sun ci Palermo a 831, suka riƙe ta har 1072 da Normawa, wasu mayaƙa Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace, kuma filin da cocin yake yanzu nan babban masallacin Juma'a yake a da. A 1185 aka fara wannan ginin. To a baranda ta shiga, ginshiƙin farko ta hannun hagu, akwai wani ɗan allo da aka sassaƙa a jikin dutsen, aya ce ta 54 cikin Suratul A'araf, wadda take maganar halittar sammai da ƙasa. Bai wuce tafin hannu biyu ba. Dutsen ya sha iska da ruwa har wasu haruffan sun fara shafewa, Abban yara ya matsa kusa yana bi da ido yana haɗa baƙaƙen a hankali, ni kuma ina bayansa ina jin tsigar jikina tana tashi, ga jama'a suna ta wucewa ta gefenmu su shige ciki ba wanda ya ko waiga. Wallahi na rasa farin ciki nake ko baƙin ciki.

Daga nan muka haura fadar sarakunan Normawa, akwai layi amma yana tafiya. Cikinta ne ɗan ƙaramin cocin da Sarki Roger na II ya gina, Cappella Palatina, an buɗe shi a 1140. Bangon duk ƙananan duwatsu ne masu ruwan zinare da masu aikin Girka suka jera, rufin kuma katako ne da masassaƙa Musulmi suka yi, rami cikin rami kamar saƙar zuma, da rubutun Larabci a gefe. Sai da wuyana ya ƙage don kallon sama. A waje kuma akwai dutse mai rubutu da harshe uku, Latin da Girkanci da Larabci, na 1142. A fadar wannan sarkin ne ma Al-Idrisi, wani malami Musulmi masanin ƙasashe, ya gama taswirar duniyarsa a 1154, har da tsofaffin daulolin Gana da Kanem a ciki, ka ji fa, a nan garin aka zauna ana zana ɓangarenmu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ba a fi shekara ɗari ba bayan duk wannan, Sarki Frederick na II ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin ya kai su garin Lucera da ke can cikin Italiya, nesa da tsibirin, kuma kabarinsa yana cikin cocin nan mai ayar a ƙofa. Aikin hannunsu na nan ana biyan kuɗi a gani, su kuma babu su.

Yunwa ce ta kora mu kasuwar Ballarò. Tab, hayaniya! Masu kifi suna ihu da waƙe suna tallar kaya, ga wani ƙaton kifi mai dogon baki an yanke kan an kafe shi a tebur, ga tumatur da gauta mai launin shuni da lemun tsami tsibi tsibi, hayaƙin gashi ya cika wuri. Akwai 'yan Afirka da yawa, 'yan Bangaladash ma haka. Muna tsaye gaban mai burodi da saifar saniya, ƙamshi ya ja mu har Abban yara ya ciro kuɗi, sai wani saurayi a gefe ya ji muna Hausa ya ce "Alhaji dakata, da man alade ake soya wannan." Ɗan zangon Kumasi ne, a kasuwar yake aiki. Muka gaisa sosai, ya ce "Hajiya duk abin da za ku saya ku ce senza strutto, wato ba man alade, in ya ce akwai ku bar shi." Shi ya faɗa mana curin shinkafar nan da ake soyawa, arancina, ko wadda suke cewa ta man shanu akwai naman alade a ciki, mu nemi ta alayyafo, kuma ɓawon cannoli, wani kayan zaƙinsu, ma galibi da kitsen ake kwaɓa shi har da ɗan giya. Allah ya saka wa yaron nan da alheri, ko lemo ya ƙi yarda mu saya masa.

Sai muka ci panelle, garin wake ne irin nasu ake damawa a yanka fale fale a soya da man gyaɗa ko makamancinsa, a cusa cikin burodi mai riɗi a matsa lemun tsami, ɗan uwan ƙosai ne sai dai babu yaji. Da zafinsa na ci a tsaye, mai yana bin yatsuna, na ƙara na biyu. Arancinar alayyafon ma ta yi, shinkafar rawaya ce ciki kuma cuku yana narkewa. Yaron ya nuna mana ɗan masallacin 'yan Bangaladash a wani lungu muka haɗa azahar da la'asar.

Da yamma muka gangara bakin teku ta unguwar Kalsa, muka zauna a ciyawar Foro Italico muna shan granita ta lemun tsami, ƙanƙara ce niƙaƙƙiya mai tsami har cikin kai, dutsen Pellegrino na can gefe. Ban yi wani abu ba sai zama, kuma na ji daɗinsa.

Su nan ba a cin abincin dare da wuri, sai wajen takwas gidajen abinci suke fara cika. Na ce a kawo min taliya da kifin sadin, na tambaya ko an sa giya mai hidimar ya leƙa kicin ya dawo ya ce babu. Cikinta akwai zabibi da za'afaran da wani ganye mai ƙamshi da garin burodi soyayye a sama, zaƙi da gishiri a faranti ɗaya, lomar farko ta zo min baƙuwa amma kafin in kai rabi na gane me ya sa suke alfahari da ita. Abban yara gasasshen kifi ya ci. A takardar kuɗi sun ƙara wani abu wai coperto, kuɗin zama da burodi, kowa da nasa, haka al'adarsu take.

Gobe in Allah ya kai mu za mu hau bas mai lamba 389 zuwa garin Monreale, mu ga cocin da Sarki William na II ya fara a 1174, daga can mu wuce filin jirgi. Ina so in fara komawa Ballarò da safe in sayi busasshen tumatur da za'afaran na tsaraba, in kuma yi wa yaron nan sallama.