Yini Guda a Ƙarƙashin Rokar da Ta Kai Mutum Wata

Hutun ƙarshen shekarar karatu ya kai mu jihar Filorida ta Amurka, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, kuma tun kafin mu taso babban ɗana ya sa na yi masa alƙawarin ware yini guda cur domin Cibiyar Kennedy, inda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba mutanen da suka taka wata. Mun bar birnin Orlando da sanyin safiya, muka nausa gabas, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota, har muka haye gada zuwa tsibirin Merritt. Ban zaci zan tarar da daji a wurin ba, amma galibin filin an keɓe shi ne ga namun daji, domin tilas a bar tazara mai yawa tsakanin dandalin harba roka da gidajen jama'a. Kafin mu ga ƙarfe ko ɗaya, sai da muka ga kada kwance a bakin wata magudanar ruwa.

Da shigarmu muka ratsa filin da aka kakkafa tsofaffin rokoki a tsaye kamar itatuwan giginya. A cikinsu akwai irin wadda ta ɗauki Alan Shepard, Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya, a watan Mayun 1961, tafiyar kimanin minti 15. Ba mu daɗe a nan ba, domin wani ma'aikaci ya ba mu shawarar mu fara shiga bas ɗin zagaye kafin layi ya yi tsawo, kuma shawarar ta yi mana rana.

Bas ɗin ya bi da mu ta gaban ginin da ake harhaɗa rokoki, mai tsayin mita 160. Da yake babu wani gini kusa da shi da za a gwada shi da shi, ido ba ya gane girmansa sai an lura da motocin da ke gindinsa sun koma kamar tururuwa. Daga ƙofarsa wata faffaɗar hanya mai tsakuwa ta miƙa zuwa bakin teku, wadda wata gagarumar motar dako ke bi ɗauke da roka a tsaye, tana jan jiki da gudun da bai kai kilomita 2 a awa ba. Can nesa muka hango dandali mai lamba 39A, inda Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutum a wata, ya tashi ranar 16 ga Yulin 1969.

An sauke mu a zauren Apollo, aka fara shigar da mu wani ɗaki da aka jera ainihin na'urorin da injiniyoyi suka zauna a gabansu lokacin harba Apollo 8 a Disambar 1968, tafiyar farko da mutane suka zagaya wata. Aka rage fitilu, aka ƙirga sakan-sakan zuwa sifiri, sai tagogi suka kama karkarwa da rugugi, har autarmu ta ƙanƙame hannun mahaifiyarta. Da aka buɗe ƙofa muka fito, sai ga mu tsaye a ƙarƙashin injuna biyar na rokar Saturn V, faɗin bakin kowannensu ya fi tsayin mutum biyu a tsaye, wani a kan wani.

Rokar tana kwance ne a kan ginshiƙai sama da kawunan mutane, tsawonta mita 111, kuma idan an cika ta da mai nauyinta ya kusa tan 3,000. Kashinta na farko kaɗai yana ƙone kananzir da ruwan iskar oksijin fiye da tan 12 a kowane sakan, cikin minti biyu da rabi ya ƙare, a yar da shi a teku. Muna tafe a ƙarƙashinta, kashi bayan kashi, sai 'yata ta tsakiya ta ce, "Baba, to ina mutanen suke zama?" Na ce ta yi haƙuri mu kai ƙarshe. Muka yi ta tafiya jikin rokar yana ƙara sirancewa, sai can wajen tsininta na nuna mata wani ɗan abu mai siffar mazurari. A wani ɗaki da ke gefe muka ga irinsa na gaske, na Apollo 14, wanda ya dawo a 1971 da jikinsa a babbake. Faɗin gindinsa bai kai mita 4 ba. Cikinsa mutum uku suka kwanta kafaɗa da kafaɗa, kuma duk girman rokar nan, shi kaɗai ne ya dawo duniya. Na daɗe ina kallonsa, domin a nan ne na fahimci cewa abin da ke saman wannan tulin mai da wuta ba komai ba ne face mutane masu numfashi, da iyalai da ke jiran dawowarsu.

Kafin mu fita muka bi layi muka taɓa wani ɗan guntun dutsen wata da Apollo 17 ya kawo a 1972. Baƙi ne, ya yi sumul saboda yawan yatsun da suka shafe shi.

Bayan azahar muka shiga wurin kumbon Atlantis, mai fikafikai kamar jirgin sama, wanda ya je sararin samaniya sau 33, shi ne kuma ya rufe shirin irin waɗannan kumbuna a Yulin 2011. An ɗora shi a karkace, ƙofofin bayansa a buɗe, kuma ba a yi masa sabon fenti ba, an bar masa tabon ƙuna da dishewar launi yadda ya dawo da su. A ganina wannan shawara ce ta hikima, domin tabon ya fi kowane allon bayani faɗin abin da kumbon ya sha.

A ƙasan zauren akwai wani lungu da hayaniya ke mutuwa da kanta. An keɓe shi ga 'yan sama jannati 14 da suka rasu a Challenger da Columbia, kumbuna biyu irin Atlantis, kowa da akwatin gilashinsa ɗauke da kayan da iyalinsa suka bayar. Challenger ya tarwatse sakan 73 bayan tashinsa, ranar 28 ga Janairun 1986, saboda sanyin safiyar ya daskarar da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar roka, kuma a cikinsa har da malamar makaranta, Christa McAuliffe. Columbia kuwa wani ɓallen soson da ke lulluɓe tankin mai ne ya fasa masa fiffiken hagu lokacin tashi, ya wargaje a hanyar dawowa ranar 1 ga Fabrairun 2003. A ƙuryar ɗakin an ajiye ɓangaren jikin Challenger da firam ɗin tagogin Columbia. Na girmama masu wurin da ba su ɓoye wannan ba, suka bar yara su gani tare da nasarorin.

Mun fito har mun doshi ƙofar fita, sai babban ɗana, wanda ya yi shiru tun daga lungun nan, ya ce, "Baba, waɗanda suka hau bayan haka, sun san abin da ya faru?" Na ce sun sani sarai, an dakatar da tashi fiye da shekara biyu da rabi, sannan a Satumbar 1988 mutum biyar suka shiga kumbon Discovery suka tashi, kuma shi kansa Atlantis ya ci gaba da ɗaukar mutane bayan haɗarin farko da na biyu. Ya dubi agogona, ya roƙi mu koma ya sake duba ƙasan fikafikansa kafin a rufe. Mahaifiyarsa ta ɗauki auta da ta fara gyangyaɗi, muka juya gaba ɗaya.