Tsiro ɗaya da na ba suna biyu

A shekarata ta biyu a karatun ilimin tsirrai aka ba mu aikin lissafa abin da ke fitowa a gindin wani tudu inda ruwa ke tsattsafowa. A watan Afrilu na tarar da wasu karare fatsi-fatsi, ba reshe, ba ko ɗigon kore, kowanne da kai kamar 'yar zangarniya. Na ɗauka irin tsiron nan ne mai rayuwa a jikin wasu, na rubuta. Da na koma a Yuni babu su, sai wasu dogaye har ƙirjina, jikinsu fari kamar hauren giwa, siraran rassa kore shar sun kewaye kowace gaɓa. Na buɗe sabon layi a littafi, a ganina tsiro na biyu ke nan.

Malaminmu bai tsaya gardama ba. Shebur ya miƙo mini ya ce, "Tona mu gani."

Laka har gwiwar hannu. Ga busasshen gindin na Afrilu, ga ɗanyen na Yuni, duk manne a jikin baƙin kara guda da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Equisetum telmateia ce, babbar jelar doki. Kalmar farko Latin ce, doki da gashi mai tauri, ta biyun kuwa daga Girkanci take, ma'anarta fadama. Sunan ma ya faɗi mazauninta: laka mai danshi da bakin idon ruwa, a Turai, yammacin Asiya da arewacin Afirka.

Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Karan Afrilu aikinsa ɗaya, ya zubar da ƙurar haihuwa ya mutu. Na Yuni ke ciyar da gida, kuma abin da ke kama da ganye ashe rassa ne, su ke sarrafa hasken rana. Ganyen gaskiya 'yan haƙora ne da suka haɗu suka yi wa gaɓa zobe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙurar nan ce da muka duba a madubin ƙara girma da Afrilu ya zagayo. Kowace ƙwaya tana da hannaye huɗu sirara. Ka huci gilashin, su naɗe. Danshin ya bushe, su miƙe, ƙwayar ta yi tsalle. Na fi rabin sa'a ina huci kamar yaro.

Dangin jelar doki na Kudancin Amurka, Equisetum giganteum, kan kai mita 5, 'yan uwanta na dā kuwa, Calamites, bishiyoyi ne sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, wasunsu sun zama kwal. Abin dariya, doki in ya ci ta da yawa ciwo take sa masa.

Tun daga ranar ba na rubuta sunan tsiro da biro a zuwan farko. Fensir nake sawa, da kwanan wata a gefe, in bar layi biyu fanko don ranar da zan dawo. Shafin nan na Yuni yana nan, da tabon laka a kan layin da na soke.