Jarrabawar Wonderlic da Masu Jefa Ƙwallo a Gasar NFL

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka babu ɗan wasan da ake ɗora wa nauyin tunani kamar kwatabak, wato wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, sannan ya zaɓi wanda zai jefa wa. Shi ya sa tun shekarun 1970, bayan Tom Landry, kocin Dallas Cowboys, ya shigo da jarrabawar Wonderlic mai auna basira cikin harkar, ƙungiyoyin NFL, babbar gasar wannan wasa, suka riƙa duba makin matashin ɗan wasa kafin su zuba masa miliyoyin daloli.

Jarrabawar tambayoyi 50 ce a cikin minti 12, akasari lissafi da ma'anar kalmomi, kuma Eldon Wonderlic ya tsara ta ne a shekarun 1930 domin kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata. A ganina matsalar daga nan ta faro. Mai zana jarrabawa yana zaune ne da fensir a hannu, shi kuwa kwatabak daƙiƙa uku ba ta cika ba ƙartai masu nauyin fiye da kilo 120 sun taso masa, ga ihun 'yan kallo ya toshe masa kunne, kuma a haka ake so ya gane wane mai tsaron baya ne ya yi tsayuwar yaudara.

Ba a fitar da makin a hukumance, amma yakan ɓulla ga manema labarai. An ruwaito cewa Ryan Fitzpatrick, wanda ya yi karatu a Harvard, ya ci 48, sai dai ya zagaya ƙungiyoyi tara ba tare da ya buga wasan share fagen cin kofi ko sau ɗaya ba. Terry Bradshaw da aka ce ya ci 16 ya ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, har sau huɗu. Lamar Jackson, da aka yi ta yamaɗiɗi da makinsa na 13, har wasu suka ba shi shawarar ya sauya gurbi (shawarar da baƙaƙen fata masu wannan gurbi suka daɗe suna ji), ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2019 da 2023.

Ga koci, iyakar amfanin makin shi ne ya nuna masa yadda zai koyar da littafin dabarun ƙungiya, wanda kan kai ɗaruruwan shafuka. Ƙwararru sun fi yarda da allo: a zana wa matashi dabara, a goge, a ja shi da hira, can a miƙa masa alƙalami ya sake zana ta.

A 2022 NFL ta daina bayar da Wonderlic a taron tantance matasa na Indianapolis, amma wasu ƙungiyoyi sun koma kan gwajin S2 mai auna saurin gani da yanke shawara. Shekara guda bayan haka aka baza labarin cewa C.J. Stroud bai taɓuka abin kirki a gwajin ba, duk da haka Houston Texans ta ɗauke shi a matsayi na biyu a zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar, kuma shi ya lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa a ɓangaren masu kai hari a kakar 2023.