Matakin Farko Shi Ne Jarin Shagona

Shagona yana Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma da ludo da dara da kati na fara sana'ar, ina sayarwa, ina kuma bayar da hayar tebur ga masu son zama su yi wasa. Daga baya ɗalibai suka shigo mini da Dungeons & Dragons, wasan da aka fara fitarwa a Amurka a 1974, wanda ya yi kama da tatsuniyar da masu sauraro ke shiga cikinta: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa na riƙe da jaruminsa a takarda, dayis mai fuska 20 kuma yana raba gardama. Ba a sa ko kwabo a kansa, kuma wannan ne abin da nake fara bayyana wa iyayen da suka leƙo.

Jarumi yana iya hawa har mataki na 20, amma masu zuwa wurina ba kasafai suke wuce na huɗu ko na biyar ba, domin kafin labari ya yi nisa jarabawa ta zo, ko hutu ya watsa kowa garinsu. Saboda haka idan kamfanin Wizards of the Coast, mai buga littattafan wasan, ya sauya dokoki, ba manyan matakai nake fara dubawa ba. Shafin matakin farko nake buɗewa, don a nan cinikina yake tsayawa ko ya faɗi.

A wasu tsofaffin dokokin wasan, jarumin da ya zaɓi zama matsafi yana fara wasa da makin rai, wato makin da ke raguwa duk sanda aka yi masa rauni, tsakanin 1 da 4 da siddabaru guda ɗaya tak a yini, kuma da makin ya ƙare ya mutu ke nan. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya ba kowa cikakken makinsa a matakin farko, na huɗu a 2008 ya ƙara shi sosai, sannan na biyar a 2014 ya dawo da shi ƙasa, amma ya bar wa matsafi ƙananan siddabarun da ba sa ƙarewa, ya kuma bar wa wanda ya faɗi damar jefa dayis: nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi.

Duk da wannan sassauci, akwai ramin da na gani da idona. Wani yaro daga Tudun Wada ya shafe kusan awa guda yana tsara matsafinsa mai maki 6, har ya zana masa rawani a gefen takarda. A karon farko jifar dayis ta ƙaramin dodo ta ba da 20, wadda ke sa sara ya ninka, raunin ya fito 13. Shida suka cinye ransa, bakwai suka rage, doka kuwa ta ce idan ragowar ta kai cikakken makin jarumi, mutuwa ce nan take, babu jifar ceto. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, shi ke nan?" Na ce, "Ƙanena, ɗauki wata takardar." Ya ɗauka don kunya, amma ban sake ganinsa ba, kuma har yau ina ganin laifina ne da na bar sabon shiga ya fuskanci wannan a zamansa na farko.

Gyaran da aka yi wa bugu na biyar a 2024 bai cire wannan doka ba, amma ya tallafi ƙananan jarumai ta wasu hanyoyi. Siddabarun warkarwa na farko ya koma dawo da makin rai na jifar dayis biyu masu fuska takwas maimakon ɗaya, shan maganin rauni ba ya cinye wa jarumi damar kai hari, kuma kowane jarumi yana samun wata baiwa ta musamman tun farko daga asalin da aka tsara masa. Waɗannan na yi maraba da su. Abin da ya jawo muhawara a teburina shi ne ɗage zaɓin reshen ƙwarewa, wato ɓangaren da jarumi zai ƙware a kai cikin sana'arsa, zuwa mataki na uku ga kowa, alhali a da mai warkarwa yana zaɓa tun a na farko, matsafi a na biyu. Tsofaffin 'yan wasa sun ce an rage wa jarumansu armashi. Ni kuwa ina goyon bayan gyaran, domin na sha ganin sabon shiga ya rikice da zaɓin da bai san ma'anarsa ba, ko da yake baiwar asali da sabon zaɓin ƙwarewar makamai sun dawo da wani ɓangare na wannan nauyi, har cike takarda ya ƙara tsawo.

Littattafan da dala ake sayensu, don haka kwafi ɗaya na sabon na ajiye a shago, tsohon kuma yana nan ga masu labarin da ba su kammala ba, kuma ba na yarda a gauraya su a tebur guda. Ga sababbin shiga, ni nake cike musu takardu tun da rana, na kuma roƙi masu jan labari su ajiye dokar mutuwar nan take har jarumi ya tara makin gogewa 300 ɗin da za su kai shi mataki na biyu, abin da yakan samu a zama ɗaya ko biyu.