Gyaran kwamfuta da kunne

Shagona ɗan ƙarami ne a wajejen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, ni da yara biyu masu koyon aiki. Gyaran kwamfuta muke yi, amma son kiɗa ne ya kawo ni. Tun ina saurayi nake tara kaset-kaset na kalangu da kukuma da gurmi, da na ga zarensu na lalacewa sai na shiga neman yadda zan juye su a kwamfuta. Hannuna ya saba da inji ke nan.

Shi ya sa har yau in an kawo laftof ba na saurin kwance ta. Kunnawa nake yi in kasa kunne. Fanka mai lafiya numfashinta ɗaya ne, ba hawa ba sauka. Wadda ƙura ta toshe kuwa gurnani take yi, can sai injin ya ɗau zafi ya mutu da kansa. A garinmu wannan ne ciwon da ya fi yawa: hunturu ya ɗura ƙura, bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ɗalibai kuma sai su ɗora laftof kan katifa, alhali ta ƙasa take shan iska. A sa ta kan tebur ko katako. In za a hure ƙurar, a riƙe fankar da tsinke kada ta yi ta juyi a banza.

Ƙarar da ba na wasa da ita ita ce ƙas-ƙas-ƙas daga faifan ajiya. Da na ji ta, ba na barin mai ita ya tashi sai mun kwashe hotuna da takardunsa, don faifan da ya fara haka ba ya ba da wa'adi.

Wasu matsalolin ba su kai a biya ni ba. Ta kama amma allon baƙi ƙirin? Sau da yawa RAM ne ya motsa, wato ɗan fallen da injin ke riƙe aikin da yake kan yi: a kashe, a cire caja da batir, a zare RAM ɗin a goge haƙoransa da kilinar fensir, a mayar. Kwanan wata na komawa baya, shafukan intanet na ƙin buɗewa? Ba ƙwayar cuta ba ce, ɗan batirin cikin injin ne da ke riƙe agogo, mai kamar kwabo, CR2032, na bolt 3. Caja kuma a karanta abin da ke rubuce a jikinta, yawanci bolt 19 ko 19.5, kuma kada a jona ta sai janareto ya daidaita.

Aikin kaset dai shi ne na zuciyata. Wani dattijo ya taho daga Daura da kaset a ƙulle cikin leda, ya ce, "Ɗana, kiɗan bikina ne, akwai guɗar mahaifiyata a ciki." Na ce, "Baba, zauna, yanzu za ka ji ta in sha Allah." Na goge kan rikoda da auduga da sifirit, na ɗaure zaren da biro a hankali, na haɗa waya zuwa kwamfuta, na buɗe Audacity, manhajar naɗar sauti da kyauta ce. Sai ga wani zuuu a ƙarƙashin kiɗan. Na san shi: amon wutar lantarki ne, tamu mai bugawa sau 50 a daƙiƙa. Na zare caja, laftof ta koma kan batir, amon ya ɗauke. Irin wannan aiki a WAV nake fara ajiye shi, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, sannan in fitar da MP3 a memori don waya. Kuma ba na yarda in tace sautin har ya rasa ɗanɗanonsa. Ɗan shuuu na kaset ya fi mini kalangun da aka shaƙe.

Yanzu maganar da ta fi yawa a shago ita ce Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba, 2025. Da yawa daga na-hannun da ke wurin mutanenmu ba sa ɗaukar Windows 11, sai a ce musu su sayi sabuwa. Ni ban yarda ba. A sa wa tsohuwar SSD, wato faifan ajiya mai sauri, a ƙara RAM, a ɗora Linux Mint a madadin Windows, za ta yi wa ɗalibi rubutu da bincike har ya gama karatunsa.