Adireshin da ya hana ni barci

Jiya har ƙarfe 2 na dare ina fama da wata 'yar manhaja da na rubuta da yaren C. Ta faɗi, GDB, abin gano kurakuran manhaja, ya nuna min adireshin inda ta faɗi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, 0x555555555189, na duba fayil ɗin ELF, wato fayil ɗin manhajar da ake kunnawa, sama da ƙasa, babu wannan lambar. Kai, na sha wuya!

Ashe manhajar PIE ce, wato irin wadda ake iya sauke ta a kowane adireshi a ƙwaƙwalwa, lambobin cikin fayil tazara ce kawai daga inda aka sauke ta. Na buga umarnin info proc mappings a GDB, na ga ta fara daga 0x555555554000. Na ɗebe wannan, saura 0x1189, readelf, mai nuna sassan fayil ɗin ELF, ya nuna cikin sashen .text yake, inda umarnin manhajar suke. Nan take addr2line, mai mayar da adireshi zuwa layin rubutun manhaja, ya kai ni layin da na manta ban duba NULL ba, wato adireshin da ba ya nuna komai.

Shayina ma ya huce, ko kurɓa ban yi ba.